Hasken Da Ke Bayan Maharazu

Hantsin Laraba, Sufeto Bulus Maikano yana fama da kunun da ya riga ya huce, sai wani mai dakon tumatir ya faɗo caji ofis na Kura, ƙafafunsa duk taɓo.

"Yallaɓai, gawa ce a Ƙofa ta Bakwai. Sammani ne, mai buɗe ruwa."

Sufeto ya ture kofin gefe. A wani ƙauye bayan Bunkure aka haife shi, kuma shekararsa goma sha tara yana aiki a wannan yanki. Ya sani a nan ba kasafai ake kashe mutum a kan mace ko gado ba. Galibi a kan ruwa ake yi.

Ƙofa ta Bakwai ƙyauren ƙarfe ce a jikin kanal, wato babbar magudanar ruwan noman rani, daga ita ruwa ke gangarawa gonakin Tudun Gawo. Ƙungiyar manoman rani ce ta damƙa wa Sammani makullinta, wani ƙarfe mai tsawon kamu guda da ake murɗa ƙyauren da shi. Kowane layin gonaki da ranarsa. Wanda aka kama ya ja ruwa a ranar wani, sai ƙungiya ta hana shi ruwa na rani ɗaya cur, wato dai ta kashe masa shekara.

Sun tarar an tsamo gawar an lulluɓe ta da buhu. Sufeto ya ɗaga. Rauni guda ne a ƙeya, mai zurfi. Makullin kuwa, mataimakinsa Sajan Abdussalam ne ya lalubo shi a cikin ruwa, taku biyu daga ƙyauren. Dangi suka ce tun jiya bayan la'asar Sammani ya fita rufe ruwa, bai dawo ba.

Abin da ya tsaya wa Sufeto a rai kayan mamacin ne. Farar shadda ce mai aiki a wuya, ga agogo a hannu.

"Sajan, ka taɓa ganin mai rufe ruwa ya shiga taɓo da kayan Juma'a ranar Talata?"

"Ban taɓa ba, Oga. Amma ka bar batun kaya, zo ka ga wannan."

Mutanen da ke bakin kanal kowa kansa a sunkuye kan waya. Tun da safe wani hoto yake yawo daga waya zuwa waya, in ka tambayi mutum ya ce wane ne ya turo masa, shi ma wanen ya ce wane. Sajan ya karɓi waya ɗaya ya miƙa.

Ga Sammani nan tsaye a bakin ƙyauren cikin farar shaddarsa. A bayansa kaɗan, ga wani ƙaton mutum ya ɗaga hannun dama sama, riƙe da makullin. Haske mai ruwan zinare ya taso ta bayan mutumin, ya zagaye kafaɗunsa da hularsa, kamar rana ce take faɗuwa daidai ƙeyarsa. Hoton ya yi kyau, kyan da bai dace da kisan kai ba.

"Wane ne?"

"Maharazu," in ji mai wayar. "Satin da ya wuce a taron ƙungiya suka yi cacar baki da marigayin. A gaban kowa ya ce sai ya ga bayansa. To ga shi ya gani. Samari sun tafi gidansa."

"Da me suka tafi?"

"Da jarkar fetur."

Da ƙyar motar 'yan sanda ta riga ashana isa. Sufeto ya fito da Maharazu ta ƙofar baya, ya tura shi mota, ana jifan gilashi da ɓawon rake da hoge. Ba don ya yarda da laifinsa ya kama shi ba, sai don bayan kanta ne kaɗai wurin da ba za a babbaka shi ba.

DPO, shugaban caji ofis ɗin, bai ja magana ba. Safiyar Juma'a za a miƙa Maharazu Kano da tuhumar kisan kai, ga hoto, ga shaidun barazana. Irin wannan fayil, in ya tafi, igiya ce a ƙarshensa. Kwana biyu ke nan Sufeto yake da su.

Maharazu babban manomi ne, mai eka goma sha biyu a farkon layi, inda ruwa ke fara isa. Bai saba a tsayar da shi ana yi masa tambaya ba, shi ya sa yake amsawa kamar yana yi wa ɗan ƙwadago faɗa.

"Jiya bayan la'asar ina kake?"

"Kumbotso, gidan surukina."

"Da me ka tafi?"

"Da babur ɗina."

"Babur ɗinka yana wurin bakanike tun Litinin, mun biyo ta can. Sake wata."

Maharazu ya kalli bango.

"Wannan kai ne?" Sufeto ya sa masa wayar a gaba.

"Ni ne. Amma wallahi ban tsaya a wurin nan ba."

"To ina ka tsaya?"

"Na ce maka Kumbotso."

Ƙarya yake, kuma bai iya ba. Amma Sufeto ya kalli hoton, ya kalli mutumin, ya sake kallon hoton. Na cikin waya gemunsa a rage yake. Na gabansa kuwa gemu ya sauko har maɓallin riga, ya sha lalle.

Da suka fito Sajan ya ce, "Hasken ne ya cinye gemun, Oga."

"Haske yana cin gemu, amma bai ci makulli ba?"

Da la'asar sakaliya Sufeto ya koma Ƙofa ta Bakwai shi kaɗai. Ya yi ta matsawa gaba da baya har ya sami daidai inda mai ɗaukar hoton ya tsaya: ga ƙyauren a hagu, ga bishiyar darbejiya a can nesa, kamar yadda suke a waya. Sai ya ji zafi a ƙeyarsa. Ya waiga. Rana tana bayansa.

Wanda ya ɗauki hoton gabas ya fuskanta. Shi ya sa fuskar Sammani ta fito tas, inuwarsa kuma ta kwanta can bayansa. Ita kuwa ranar da ke bayan Maharazu, a gabas take faɗuwa. Duk manomin da ke wannan layi ya san inda rana ke faɗuwa fiye da yadda ya san lambar wayarsa, amma fushi ya sa ba wanda ya ɗaga kai ya duba. Sufeto ya ji haushin mutanen, ya kuma ji haushin kansa da ya yini bai lura ba.

Washegari da safe ya nufi Bunkure wurin ƙanwarsa Murna. Shago gare ta kusa da kasuwa, tana buga katin biki da fostar taron coci, kuma ba ta taɓa barin yayan nata ya shigo ba tare da ta tsokane shi ba.

"Yaya, yau hukuma ce ta zo neman ilimi wurin talaka?"

"Duba min wannan. Rana ce a bayansa ko ba rana ba ce?"

Ta tura hoton cikin kwamfuta, ta buɗe manhajar gyaran hoto, ta girmama shi. Ba ta yi minti ɗaya ba ta ce, "Wannan ranar a shago aka haife ta. Tsaya ka gani."

Ta ɗauke shi hoto nan take, da ɓataccen ransa da komai. Ta bi gefen jikinsa da linzamin kwamfuta ta yanko shi, ta manna a kan hoton wata gonar albasa.

"Ka ga gefenka? Kamar facin da aka yi wa riga da zaren da bai dace ba. Duk wanda ya kalla ya san manna ka aka yi. To yanzu duba. Hoto a nan hawa-hawa yake, muna ce musu leya, kamar ka jera fararen ledoji ɗaya kan ɗaya, kowacce da zanenta. Sai in kwafi siffarka a wata leyar, in cika ta da ruwan ɗorawa, in tura ta bayanka, in dusasar da ita har ta koma hayaƙi-hayaƙi. Sannan in ɗauki buroshi mai laushi in bi kafaɗarka da kunnenka da gefen hularka da fari-fari, in ɗan duhunta gabanka."

Tana faɗa tana yi. Kafin ta rufe baki, ga Sufeto Bulus tsaye cikin albasa, haske na tashi ta bayansa, sai ka ce baƙon fasto a fostar taron farkawa.

"Ina facin?" ta tambaya.

"Babu."

"Yana nan, haske ne ya rufe shi. Ido in ya ga haske ba ya neman ɗinki. Amma mai wannan hoton ya fi ni hannu nesa ba kusa ba. Dubi yadda ya sa hasken ya ratsa zaren hular."

"Za ki iya rage shi?"

"Cirewa ba zai yiwu ba, sai a kwamfutar da aka yi shi. Amma zan iya danne shi."

Ta ja wani ɗan maɓalli, hoton ya yi ta duhu. Zinaren ya koma ruwan ƙasa. A tsakanin babban yatsan Maharazu da ƙarfen, wani siririn abu ya bayyana, mai 'yan ƙwayoyi a jere. Murna ta ƙara girmama wurin.

Zangarniyar shinkafa ce.

Fabrairu ake ciki. A Tudun Gawo yanzu alkama ce da tumatir da albasa. An gama yankan shinkafa tun watanni uku da suka wuce.

"Ba makulli ya ɗaga ba," in ji Murna. "Damin shinkafa ya ɗaga. An goge damin an sa ƙarfe, wannan 'yar ta tsira."

Sufeto ya daɗe yana kallon Sammani. "Shi kuma fa?"

"Shi ba a taɓa shi ba. Yana wurin da gaske, da shi da inuwarsa."

Wato wani ya tsaya gaban Sammani da kyamara ranar Talata da yamma, ya ɗauke shi cikin kayan da ya mutu da su.

Daga nan Sufeto ya wuce gidan makoki. Matar marigayin, Khaulat, ta yarda ta yi magana ta bayan labulen soro, kawunta yana zaune a gefe. Muryarta ba ta mai kuka ba ce. Ta gama kukan, abin da ya rage ya fi kuka zafi.

"Ya haƙuri, Malama? Allah ya jiƙansa."

"Amin. Yaushe za a rataye shi?"

"Sai an tabbatar. Me ya sa mijinki ya sa shadda zai je rufe ruwa?"

"Haka yake sawa kullum."

"Na ga kayan aikinsa rataye a tsakar gida, wando da riga duk ƙasa."

Sufeto bai matsa ba, ya bar idonsa ya yi yawo a soron. A jikin bango akwai kalandar ƙungiya ta bana. An yage tsakiyarta da farce, daidai fuskar mutumin da ke ciki, amma sauran jikin yana nan: ƙaton mutum cikin hula, ya ɗaga hannun dama sama riƙe da damin shinkafa, haske mai ruwan zinare ya zagaye kafaɗunsa. A ƙasa an rubuta: Gwarzon Manomi, Alhaji Maharazu. Can ƙasa kuma, da ƙananan baƙaƙe: Fatihu Mai Hoto, Kura.

Wannan kalanda tana rataye a kowane shagon shayi da kowane injin casa daga Kura har Madobi. Wata biyu mutane suna kallonta kullum.

"Ke kika yage?"

"Ni ce. In na samu ta gaske ma haka zan yi mata."

"Malama, in kika ɓoye min abu don a rataye Maharazu, za a rataye shi. Wanda ya fasa ƙeyar mijinki kuma ya zo ya zauna a tabarmar nan ya yi miki gaisuwa, ki ba shi ruwa ya sha. Wa ya sa shi yin ado?"

Labulen ya motsa. Da ta yi magana, muryar ta karye.

"Cewa ya yi za a ɗauke shi hoto. Wai kalandar baɗi shi za a sa. Har turare ya shafa. Mai hoton ya ce kada ya gaya wa kowa sai ta fito."

"Ya zo gaisuwa?"

"Jiya. Ya ce zai yi mana hoton marigayi babba, kyauta."

Shagon Fatihu yana kan titin tasha, tsakanin mai cajin waya da mai sayar da maganin feshi. Sufeto ya shiga da Sajan, bayan ya aika a ɗauko Murna a babur. Bangon shagon cike yake da hotuna: angwaye, alhazai, 'yan saukar karatu, kowa da ranarsa a bayan kai. A Kura, in ba a sa maka hasken Fatihu ba, ba ka ɗauki hoto ba.

Fatihu siriri ne, mai shekara talatin da 'yan kai, mai sanyin magana. Ya miƙe ya ba su kujera.

"Ranka ya daɗe, fasfo ne ko babba?"

"Tambaya ce. Talata da yamma ina kake?"

"Nan, ina haɗa hotunan wani suna."

"Mai cajin waya ya ce ka rufe tun la'asar, ka rataya jakar kyamara."

"Na manta, na je sayen tawada."

"Ka yi alƙawarin hoto da Sammani?"

"Ban yi ba. Gaisuwa ce kawai tsakaninmu."

"Ka ga hoton da ke yawo?"

"Wa bai gani ba? Allah ya isar masa."

"A ganinka na gaske ne?"

"Ni dai ban ga alamar taɓi ba."

"Ƙanwata ta ce aikin ɗan koyo ne," in ji Sufeto, yana kallon silin. "Ta ce wanda ya yi shi ko yankan gefe bai iya ba, shi ya sa ya labta haske kamar mai shafa wa bango farar ƙasa."

Murna ta buɗe baki, Sufeto ya taka mata ƙafa. Wata jijiya ta motsa a wuyan Fatihu.

"Ɗan koyo ba ya sa haske ya ratsa zaren hula," ya ce a hankali.

"A waya kai ka hango zaren hula? Mu sai da muka girmama shi a kwamfuta. Buɗe taka."

Bai yi gardama ba, amma hannunsa ya ƙi zuwa. Murna ce ta zauna. Ba ta sha wahalar nema ba, domin gwani yakan iya jefar da makami a kanal amma ba ya iya goge aikin da ya fi kowanne yi masa kyau. Fayil ɗin yana nan, da leyoyinsa tara a jere, kowacce da ɗan hoton ido a gefenta.

"Danna wannan idon, Yaya."

Sufeto ya danna. Hasken ya mutu. Ga Maharazu tsaye da gefensa kaca-kaca, kamar an yanko shi da reza. Ya danna na biyu, makullin ya ɓace. Ya danna na uku, Maharazu ya tafi gaba ɗaya.

Saura Sammani shi kaɗai a bakin ƙyauren, cikin farar shadda, rana a fuskarsa, ya gyara tsayuwa irin ta mutumin da aka ce za a sa a kalanda.

Fatihu ya zauna a kan bencin da kwastomomi ke jira. Ya ɗaga kai ya kalli wani babban hoto da ke saman ƙofa, wani tsoho mai farin gemu, da haske a bayansa.

"Kun san wancan?"

"Malam Abuzar ne," in ji Sajan. "Na ƙarshen layi. Ya koya min Tabbat yada ina yaro."

"Babana ne. Rabin eka gare shi a inda ruwa ke ƙarewa. Shekara uku da suka wuce ya shuka alkama. Ranarsa Talata. Duk Talata sai Sammani ya rufe ƙofa da wuri, ɗan abin da ya gangaro kuma Maharazu ya sa tiyo ya zuƙe a hanya. Buhun shinkafa yake kai wa Sammani duk kaka, kowa ya sani. Babana ya kai ƙara ƙungiya sau huɗu. Maharazu ne ma'ajinta. Sai a ba shi haƙuri, a ce tsufa ne."

"Sai me ya faru?"

"Alkama ta fara fitar da kai ta bushe a tsaye. Wata Talata ya tako da ƙafa da tsakar rana tun daga ƙarshen layi har ƙofar, ya durƙusa wa Sammani, sa'an ɗansa. Sammani ya ce lokaci ya wuce, ya murɗa makulli ya hau keke. A nan bakin ƙyauren babana ya faɗi. Likita ya ce hawan jini ne. Aka ce kwana ne ya ƙare, aka ci gumba aka watse."

Fatihu ya sauke ido daga kan hoton.

"Na haƙura, ranka ya daɗe. Wallahi na haƙura. Sai bara da kaka suka kira ni in ɗauki Gwarzon Manomi. Ya ɗaga dami yana dariya, ya ce min, 'Yaro, ka sa min irin hasken nan da ka sa wa tsohonka.' Kwana biyu ina zaune a kujerar nan ina bin kafaɗarsa da buroshi. A nan na yanke shawara."

"Me ya sa Talata?"

"Bayan babana, gonar ta koma hannun wata bazawara, Maryamu. Har yau duk Talata da yamma Maharazu yana can bayan rake da tiyonsa yana shan ruwanta. Na san in kun tambaye shi inda yake ba zai faɗa ba. Gara masa ya yi ƙarya a kan kisa da ƙungiya ta hana eka goma sha biyu ruwa. Na san halinsa. Da suka yi faɗa a taro saboda Sammani ya nemi ƙarin buhu, sai na ce lokaci ya yi."

"Sammani fa?"

"Na ɗauke shi. Na ce ya ba ni makullin in ɗauki hoton ƙarfen shi ma, ya juya ya kalli ruwa don in samu ta gefe. Ya juya." Fatihu ya kalli tafin hannunsa. "Daidai inda babana ya faɗi na tsayar da shi. Ba na nadama a kansa. Abin da ya dame ni kawai 'yar zangarniyar nan. Na ganta bayan na riga na tura."

Sajan ya fito da ankwa. Ya sa wa Fatihu a hannu.

Safiyar Juma'a motar Kano ta tsaya a gaban caji ofis kamar yadda aka tsara, sunan cikin fayil ne kawai ya sauya. Sufeto ya sa aka fito da Maharazu daga bayan kanta, aka miƙa masa hularsa da wayarsa.

"Ka fita daga batun kisa," ya ce masa. "Batun tiyo kuma na rubuta wa ƙungiya da hannuna, da sunan Maryamu da na Malam Abuzar. Har gidan shugaba na kai."

"Yallaɓai, ai da mun yi magana tukuna."

"Mun yi. Ka ce kana Kumbotso."

A bakin ƙofa suka yi kiciɓis da Fatihu, ana fito da shi zuwa mota. Maharazu ya tsuke fuska zai wuce. Fatihu ya tsaya, ɗan sandan da ke riƙe da shi ya ja, bai motsa ba.

"Alhaji, barka da fitowa," ya ce, murya ƙasa-ƙasa. "Sufeto ya kashe hasken a kwamfuta ɗaya. Saura wayoyin Kura da Bunkure da Madobi da Kwanar Gafan. Ka bi su ɗaya bayan ɗaya ka yi musu bayanin leya."

Aka tura shi mota, aka rufe. Bai waiga ba.

Sufeto ya tsaya a baranda har motar ta hau titin Kano. Ya tsamo mutum daga igiya, amma bai ji daɗin da yakan ji ba, kuma bai yi wa kansa ƙaryar cewa ya ji ba.

Maharazu ya fita bakin titi ya ɗaga wa wani mai babur hannu. Mutumin ya rage gudu ya tsaya, ya dube shi da kyau. Sai ya zaro waya daga aljihu, ya duba, ya sake dubansa, ya tofar da yawu ya ja babur ɗinsa. Na biyu ko tsayawa bai yi ba.

Daga Kura zuwa Tudun Gawo tafiyar awa biyu ce a ƙafa, ta bakin kanal, ta gaban gonakin mutane. Maharazu ya daɗe a tsaye, sannan ya ja hularsa ƙasa ya kama hanya.